Sunan da Ba Ya Fita Bakin Mas'uda

Duk matar da ta taɓa zama a gaban Mas'uda mai kitso a Azare za ta gaya maka hannunta ba shi da zafi. Sai ta kama gashi ta ja shi har ya kwanta luf, mai kan kuwa tana ta gyangyaɗi. Za ta kuma gaya maka cewa a yini guda Mas'uda na iya ambaton rabin matan unguwa da 'ya'yansu da awakinsu, amma akwai suna ɗaya da ba ya fita bakinta ko da kuskure, sunan ɗanta na fari. Talha aka raɗa masa. A wurin uwarsa kuwa “wancan” ne, ko “na Goggo”, in abin ya ƙure ta ce “yaron nan”.

Kada wani ya ce ƙinsa take yi. A wani ƙauye gefen Sakwa aka haife ta, gidan Fulanin da suka jingine sanda suka ɗauki fartanya amma ba su ajiye fulako, kunyar nan ta Fulani, ba. A gidansu uwa ba ta kiran ɗan fari da sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Uwar Mas'uda ta yi furfura ba ta taɓa cewa “Jalo” ba, alhali Jalon, yayan Mas'uda, shi ke cika mata rumbu duk kaka. Haka yarinyar ta taso, ba ta ɗauki wannan wani abin tambaya ba. Kitso kuwa a gemun masara ta koya, tana tsaron gona tana kitse masarar mutane, har sai da masu gonar suka kai ƙararta gida.

Wajen shekarar dubu biyu aka kawo ta Azare gidan Malam Hammawa, mai awon wake da riɗi a kasuwa, mutum mai sanyin hali da tsadar magana. Gidan na uwarsa ne, Goggo Jumai, ita ma Bafulatana, irin tsohuwar nan da za ta taka ƙaya ta ci gaba da tafiya don kar a ce ta yi raki. Ta auna sabuwar surukarta da ido, ta ga tana sunkuyar da kai inda ya dace, ta ce an samu 'yar gida. Ba a jima ba hannun Mas'uda ya yi suna, tsakar gidan ta zama wurin zaman mata daga hantsi har la'asar.

Da aka haifi Talha ta yi abin da aka koya mata. In da mutane, sai ta juya fuska bango sannan ta ba shi nono. In ya yi kuka ta ƙyale shi sai Goggo ta ce, “Ke, ɗauki yaron mana,” sannan ta ɗauka kamar wadda aka tilasta. Amma zuciya ba ta san wannan dokar ba. Akwai wani madubi mai zagayen roba da take miƙa wa mata su duba kitsonsu. Sai ta riƙa jingine shi jikin turmi, ta karkata shi yadda zai ɗauko tabarmar da yaron ke kwance. Mata na ganin idonta na kan tsaga, ita kuwa rabin idon na cikin madubi. A duk gidan babu wanda ya kalli Talha kamar matar nan da aka ce ba ta kallonsa.

Kuma ta ga abin da ta gani. Jarirai na bin fuska da ido, nata ba ya bi. In tana ba shi nono su kaɗai a ɗaki, ta saki fuska ta yi masa murmushin da ta ɓoye tun safe, sai ya tsallake ta ya kafa wa ramin kwanon rufi ido, inda hasken rana ke zubowa. Ba ya ɗaga hannu a ɗauke shi. In ta fita ba ya kuka, in ta dawo ba ya murna. Sauran mutanen gidan ma sun lura, sai dai su daɗi abin ya yi musu.

“Kun ga Pullo na asali,” in ji Goggo Jumai, tana nuna shi ga baƙi. “Tun yana tsumma ya san kunyan uwarsa. Ko kallonta ba ya yi.”

A yi dariya, a sa albarka. Uwa na kawar da kai, ɗa na kawar da kai, gida ya cika da yabo. Mas'uda ta karɓi yabon don ba ta da abin da za ta karɓa in ba shi ba, amma yana yi mata zafi. Takan ce a ranta, to ai ni tawa kunyar ta idon mutane ce, kai taka ba ta da hutu ne?

Sai da ta haifi Laraba ta gane. Yarinyar ba ta yi arba'in ba ta kafa mata ido kamar mai bin ta bashin kallo, ba a jima ba ta fara kama mata hanci tana ƙyalƙyala dariya. Ran da Laraba ta fara miƙo hannu biyu, Mas'uda ta ɗauke ta, ta shiga bayan gida ta yi kukan da ba wanda ya ji. A ranar ta san abin da ke jikin wancan ba kunya ba ne. Ya shekara biyu ya wuce, babu “Inna”, babu “Goggo”, sai wani ɗan gurnani mai daɗi da yake yi in ya samu murfin kwano yana juya shi a ƙasa. Ta sani, amma wa za ta gaya wa? Wadda ba ta da bakin faɗin sunan yaro, ina za ta samu bakin faɗin ciwonsa?

Shekarun nan ne ake ta rigimar ɗigon shan-inna, wasu na buɗe ƙofa wasu na rufewa. Goggo Jumai ba ta shiga gardamar kowa ba, ta dai ce jikanta ba ya ciwo, don haka ba ya bukatar magani. Shi ya sa tsinin allura bai taɓa Talha ba sai da ya haura shekara uku, lokacin da aka yi gangamin rigakafin ƙyanda, Malam Hammawa ya kwashi yaran biyu da kansa ya kai su. Talha ya yi ɗan zazzaɓi ya warke. A makon ne Gali, ƙanen Malam Hammawa, ya dawo hutu daga makaranta. Gali ya girma a Kano wurin kawunsu, sai jefi-jefi yake leƙo gida. Ya tarar da yaro kwance jiki da zafi, ya kira shi, ya sake kira, ya tafa hannu, yaro bai waiga ba. A wurin Gali daga nan labarin Talha ya fara.

Daga nan ma gidan ya farka. Goggo ta daina maganar Pullo na asali, ta koma maganar iska. Ta ɗauki yaron har garin Katagum wurin wani malami, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka dawo da shi yadda aka tafi da shi. Wata ma'aikaciyar asibiti mai suna Ya Gana, Babarbariya mai yawan faɗa da yawan kirki, wadda Mas'uda ke yi wa kitso duk ƙarshen wata, ita ta matsa sai da aka kai shi wurin likitan yara. Likitan ɗan kudu ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, Ya Gana ce ke fassara. Ya duba kunne ya ce lafiya lau. Ya kaɗa makulli, ya ba yaron ƙwallo, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya yi tambaya, Ya Gana ta juyo da ita.

“Wai in kin kira sunansa, yana waigowa?”

Mas'uda ta sunkuyar da kai. “Ban taɓa kira ba,” in ji ta.

Ya Gana ta tsaya tana yi wa likita bayanin al'ada, shi yana gyaɗa kai cikin ladabi. Ya ce larura ce da ake haihuwar wasu yara da ita, a ko'ina cikin duniya, ana ce mata otizim. Ba aljanu ba ne, ba allura ba ce, babu kuma ƙwayar da za a haɗiya ta tafi, sai haƙuri da koyarwa a hankali. Yanzu a rediyo za ka ji ana ce da abin galahanga, suna mara daɗi a baki, amma a lokacin ko wannan babu. Mas'uda ta ji duka, sai dai tambayar ce ta maƙale mata. A hanyar gida, ba tare da an tambaye ta ba, Ya Gana ta ce, “Ba ke kika jawo ba, kin ji ko? 'Ya'yan farin Fulani nawa ne a garin nan, duk bakinsu kaman rediyo.” Mas'uda ta ce to. Amma tun daga ranar sunan ya riƙa zuwa mata har kan harshe, ta ji nauyinsa, ta haɗiye. Tana tsoron ta kira a ji ta. Ta fi tsoron ta kira bai waiga ba.

Gali ya gama makaranta ya dawo Azare gaba ɗaya, ya samu aiki a wani shagon intanet kusa da tashar mota, inda samari ke biyan kuɗin awa su zauna gaban kwamfuta, janareta na ta hayaniya a waje. A faɗi gaskiya, babu mai son Talha a fili kamar Gali, don shi baffa ne, ba wata kunya da ta ɗaure shi. Shi ke aske masa kai, don ba ya yarda da wanzami. Shi ya gano yaron na cin tuwo in ba a zuba miya a kai ba. Ya rubuta kalmar likitan a tafin hannunsa, ya je shago ya nema, sai ga shafuka ba iyaka, Turawa iyayen yara suna rantsuwa allurar ƙyanda ce ta sauya musu 'ya'ya. Akwai wasu shafukan da ke ƙaryata su, da bayanin likitoci mai tsawo, amma mai neman wanda zai ɗora wa laifi ba ya son dogon bayani. Gali ya tuna zazzaɓin nan, komai ya zauna masa daram.

Akwai wani zauren muhawara a intanet inda Hausawa ke haɗuwa, na Kano da na Kaduna da na Jidda da na Landan, ana gardama kan komai daga siyasa har daddawa. Nan Gali ya rubuta cewa a gidansu akwai shaida. Yaro lafiyayye, mai dariya, mai kiran Innarsa, aka yi masa allura bakinsa ya mutu. Ba ƙarya ya zauna ya shirya ba, haka ya ɗauka abin ya kasance, don wane yaro ne ba ya kiran Innarsa? Labarin ya fita daga kwamfuta ya shiga majalisun shayi, ya hau motar kasuwa, ya zaga ƙauyuka, ya yi ƙiba a hanya.

A farkon bazarar dubu biyu da takwas labarin ya dawo gida da ƙafarsa. Wata baƙuwa ce ta kawo shi, Jannatu daga Zadawa, ta zo biki aka nuno mata gidan mai kitso. Ta zauna da goyonta a cinya, ɗan saurayi mai ƙoƙarin rarrafe, Mas'uda ta kama tsaga. Talha na gindin randa da murfinsa.

“Ni kam an ce in kai wannan alluran wata tara, na ce Allah ya kiyaye,” in ji Jannatu. “Ba ku ji na garinku ba? Wai har a intanet an sa. Yaro yana magana tsaf, da safe ya tashi ya ce Inna ina kwana, Inna ki ba ni koko. Aka tsira masa allura, shi ke nan. Mu dai a layinmu ba mai kai nata.”

Matan da ke jiran layi kowa ta samu abin kallo a ƙasa. Jannatu ta ce wash, don karo na farko a rayuwarta hannun Mas'uda ya yi zafi. Mas'uda ta ba da haƙuri, ta ƙarasa shukun, ta miƙa madubi.

Wanda bai san zuciyar uwa ba zai zaci fushi ta yi. Fushin ya zo, amma daga baya. Abin da ya fara kama ta kwaɗayi ne. Inna ina kwana, Inna ki ba ni koko. Ta kwana ta tashi da yaron nan na cikin labari. Tana dama koko tana jin muryarsa, tana ba shi amsa a ranta. Ta ga yadda zai riƙe mata zane, yadda za ta ture shi a gaban mutane tana murna a ciki. In labarin Gali gaskiya ne, to ta taɓa samun ɗa mai kallonta, wani ne ya zo ya ƙwace. In gaskiya ne, ba shirunta ba ne, ba jininta ba ne, laifin na wata kwalba ne da aka kawo daga nesa. Abin da ake bukata daga gare ta kawai ta yi shiru, shiru kuwa ba abin da ta iya kamarsa.

Ya Gana ta zo kitso a ƙarshen watan, ba ta yi faɗan da ta saba ba. Ta ce bencin asibiti ya yi fayau ranar allura, ga zafi ya shigo, lokacin ƙyanda ke nan. Ta ce su ma'aikatan asibiti in sun yi magana sai a ce albashinsu suke karewa. Ba ta ce Mas'uda ta yi komai ba, ta dai karkata kai aka ci gaba da tsaga. Mas'uda kuwa ta san ƙyanda. Ta ga yadda ta shiga ƙauyensu tana yarinya, ta san gidajen da aka yi ta shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Ta tuna ɗan Jannatu da ƙafafunsa masu ƙiba.

Ta sami mijinta yana wanke hannu bayan abincin rana. “Malam, ina so in je wurin Gali. A kan maganan wancan.”

Malam Hammawa ya daɗe yana goge hannu. Shi ma tun da aka haifi yaron bai taɓa ɗaukarsa a gaban Goggo ba. “Maganan ɗan fari ba a bakinmu yake ba,” in ji shi. Ya miƙe. “Amma ni ban hana ki fita ba.”

Da rana tsaka ta ja mayafi ta hau acaɓa. Shagon ɗaki ne mai fanka ɗaya da warin fetur, samari jere kowa ya ba bango fuska. Da suka ga matar aure da lalle a ƙafa sai suka gyara zama kamar an kama su da laifi. Gali ya taso da sauri, ya kira ta yadda ake kiran babbar yaya a gidansu.

“Adda, lafiya? Wani abu ya samu Talha?”

“Lafiyansa ƙalau. Inda ka rubuta labarin nan, nan za ka rubuta nawa. Ni zan faɗa, kai ka buga.”

Gali ya ja ta kujerar ƙarshe, ya rage murya. “Adda, don ke na yi fa. Don a daina cewa iska ne, a daina cewa daga wurinki ne. Ke ba ki ji abin da matan unguwa ke faɗi ba?”

“A kaina suke faɗi, ina kitsa su.” Ta zauna. “Gali, yaron da ka rubuta ya fi nawa daɗi. Wallahi na so a ce shi na haifa. Amma ba shi na haifa ba.”

Gali ya zauna. Ya jawo abin bugawa gabansa.

Ta fara da ƙyar, tana kallon yatsunsa. Ta ce a rubuta ita ce uwar yaron Azare. Ta ce bai taɓa ce mata Inna ba, ba kafin allura ba, ba bayanta ba. Ta faɗi maganar madubi da turmi, abin da ko mijinta bai sani ba, ta faɗi ramin kwano da hannun da ba a ɗagawa. Ta ce a gidansu an ga alamun tun yana jariri aka ce kunya ce, aka yi ta yabo, shi ya sa wanda ya zo daga baya ya zaci daga baya abin ya fara. Ta ce ƙanwarsa rana ɗaya aka yi musu allura, ga ta nan surutu ya hana kowa barcin rana. Ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ta san abin da ke cikin kwalba ba, ba kuma ta san 'ya'yan Turawa ba, amma nata ta sani. Duk mai son ya hana ɗansa allura ya nemi wata hujja, kada ya jingina da nata.

Samarin nan sun daina danne-danne, kowa ya kasa kunne yana yi kamar bai kasa ba. Gali ya karanta mata abin da ya buga. Ko'ina “wancan”, ko'ina “yaron nan”.

“Adda, mutanen nan ba za su yarda ba. Za su ce wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba. Bari in sa da kaina.”

“A'a.” Ta riƙe bakin teburin. Da hannun Gali aka yi na farko, ba ta so a sake. Ta ji harshenta ya yi nauyi kamar na mai zazzaɓi, ta ji idon uwarta da na Goggo a ƙeyarta. “Rubuta, uwarsa ta ce sunansa Talha.”

A hankali sunan ya fita daga bakinta, janareta ma ya kusa cinye shi. Amma ya fita, a gaban samarin da ba ta san ko ɗayansu ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska har ta isa gida.

Kada a zaci duniya ta girgiza. Gali ya riƙa kawo mata amsoshin in ya dawo cin abinci. Wani ya ce Turawa ne suka biya ta. Wani ya ce babu wata mai kitso, wani ma'aikacin lafiya ne ya sa zane. Wani daga Landan ya yi dogon Turanci yana goyon bayanta, wani ya zage shi, suka bar maganar yaro suka koma kan junansu. Gali da kansa bai goge nasa ba. Ya ce shi dai ya ga zazzaɓi da idonsa, amma ya daina yaɗawa, kuma ya bar nata a ƙarƙashin nasa. Ya Gana ta ce wasu sun dawo benci, wasu ba su dawo ba. Jannatu kuwa Mas'uda ba ta sake jin labarinta ba, duk da takan tambayi matan Zadawa in sun zo.

Amsa ɗaya ce ta sa a maimaita mata. Wata mata ce da ba ta faɗi garinsu ba. Ta ce nata ma haka yake, kuma allura ko ɗaya ba a taɓa yi masa ba, a ɗakin baya take ajiye shi in an yi baƙi. Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ce a tambayar mata uwar Talha, shi me yake yarda ya ci? Mas'uda ta ce a gaya mata ta raba tuwo da miya.

Maganar ta kai kunnen Goggo Jumai, don a Azare ba abin da ba ya kaiwa. Tsohuwar ta yi kwanaki tana amsa gaisuwa da ka. Rannan tana tsince wake, ba ta ɗago ba, ta ce, “An ce kin kai sunan kasuwa.”

“Na kai, Goggo.”

“Uwarki ta ji?”

“Za ta ji.”

Goggo ta watsar da tsakuwa. Ta daɗe tana kallon jikanta. “Ni na ce kunya ne,” in ji ta, kamar da waken take magana. Ta ci gaba da tsince wakenta.

Sai dai faɗa wa kwamfuta daban, kiran mai suna daban. Duniya ta ji sunan daga bakinta, shi bai ji ba. Ta yi ta ɗaga ranar. Yau da baƙi, gobe yana cikin rigima, jibi ita ce ba ta da ƙarfin zuciya. Muddin ba ta kira ba, tana iya gaya wa kanta cewa da ta kira da ya waiga, wannan ɗan zaton kuwa shi ta rayu da shi tun daga ɗakin likita.

Wata la'asar mata suka watse da wuri saboda hadarin farko ya haɗo. Goggo na ɗaki tana salla. Laraba na tattara takalma kafin ruwa. Talha na tsaye tsakar gida, ya ba ta baya, ya ɗaga kai yana kallon yadda iska ke kaɗa igiyar shanya. Ya yi tsawo, wuyansa irin na Jalo. Mas'uda ta ajiye matajin da ke hannunta. Ta goge man kitso a zane.

“Talha.”

Bai waiga ba. Igiya na ta kaɗawa, yana ta kallo.

Laraba ce ta waiga, takalmi ɗaya a kowane hannu, ta buɗe ido.

“Inna, ashe kin san sunan Yaya?”

“Na sani,” in ji Mas'uda. Hawaye ya zubo, ba ta shiga bayan gida ba, ba ta ma goge ba. “Tun ran suna na sani.”

Ruwa ya fara ɗigowa. Ta taka ta je ta tsaya a gefensa, kusa yadda kafaɗarsa ke taɓa zanenta, bai matsa ba. Ta ɗaga kai ita ma ta kalli igiyar, ta sake kiransa, wannan karon da ƙarfi yadda na cikin ɗaki zai ji.